Kiɗan Ginawa a Essawira, da wayar da ta so ba ni kunya

Kwana huɗu ke nan da dawowata Kano daga bikin Ginawa, wani kiɗan gargajiya na Maroko, da aka yi a garin Essawira na ƙasar, amma har yanzu in na kwanta sai in ji ƙarafan nan da makaɗan ke kaɗawa suna kacau-kacau a kunnena.

Tun watanni biyu kafin tafiyar na mayar da wayata makaranta. Na tara waƙoƙin marigayi Mahmoud Guinea, shahararren makaɗin Ginawa wanda ya rasu a 2015, kullum ina saurare a hanyar kasuwa har yaran shago suka fara yi mini dariya. Masauki, tikitin mota, tikitin shiga gaban dandali, taswirar gari, duk a manhaja na yi su. Na ɗauka na gama shiri.

Daga Kasabalanka jirgin ƙasa ya kai ni Marakesh, daga nan kuma mota kusan awa uku zuwa bakin teku. A hanya aka tsaya mana mu ga awaki a kan bishiyar argan, tsaye cirko-cirko kamar masu jiran albashi. Na ɗaga waya ke nan wani yaro ya miƙo hannu, wai kuɗin hoto. Akuyar da a Rimin Gado ko kallo ba ta ishe ka ba! Na ba shi dirhami 10, ya yi mini kallon marowaci.

Abin da babu manhajar da ta sa na ɗauka da muhimmanci shi ne iska. Watan Yuni ne fa, na zo da 'yan riguna marasa nauyi, sai ga sanyi da daddare kamar hunturun Janairu a gida. Dole na shiga kasuwa neman jallabiya mai hula. Mai kanti ya ce 400. Ni da na girma a Kwari? Na taya 150, ya dafe ƙirji, na juya, ya kira ni, muka daidaita a 220, ya kuma haɗa mini da shayin na'a-na'a mai sukari kamar za a kashe mutum. Cinikinsu irin namu ne, sai dai su ba sa fushi.

Bikin an fara shi tun 1998, babban dandalinsa kuma yana filin Moulay Hassan kusa da tashar jiragen kamun kifi. Ina isa ƙofar masu tikiti intanet ta ɗauke saboda cunkoso, manhajar ta yi ta juyi, lambar tikitina ta ƙi fitowa. Mai gadin ko sauraro na bai yi ba, hannu kawai yake kaɗa mini kamar mai korar kaji. Da na san haka ai da tun a masauki na ɗauki hotonta.

Wani dattijo ne ya ja ni gefe. Da 'yar Larabcin Islamiyyata da nasa na Maroko mai haɗiye wasula muka lallaɓa. Ya ce, "Ɗana, daga ina?" Na ce, "Baba, Bahaushe ne daga Nijeriya." Sai ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ce a waƙoƙinsu na gado suna kiran Bambara da Fulani da Hausa, domin kakanninsu bayi ne da aka ƙetaro Sahara da su. Ya ce in manta da dandali, in biyo shi.

Wani gida ya kai ni cikin lungu. Turare na tashi, shugaban makaɗa, wanda suke kira mu'allim (malam ɗinmu dai ke nan), yana zaune da gimbiri mai tsirkiya uku, yaransa na kaɗa ƙarafa. Ina jin amon na tuna garaya. Da wata mata ta rufe kai da mayafi ta shiga rawa har ta faɗi, tsigar jikina ta tashi, don na taɓa ganin irin wannan a wajen 'yan bori ina yaro. Na zaro waya a ɓoye na kunna manhajar nan mai gane waƙa. Ta yi ta lalube, ta ce ba ta san wannan ba. Dattijon ya gani, ya yi murmushi, ya tura mini kwanon kuskus.

Washegari tikitin ya buɗe, na shiga gaba, na sha kiɗa har ƙarfe biyu. Na ci gasasshen kifin sadin a bakin tasha, mai arha, babu yaji ko kaɗan. Dawowa kuwa barci na yi ta yi har Kasabalanka. Jallabiyar tana nan rataye, sai Disamba.