Coci a kan coci a birnin Roma

Kwana huɗu ke nan da dawowata daga Roma, amma ƙarar ruwan da ke gudana a ƙarƙashin cocin San Kilemente ba ta bar kunnena ba.

Daga waje sai ka raina shi. Ginin ƙarni na 12 ne, 'yar tafiya kaɗan daga Kolosiyam, tsohon filin wasan Romawa. Na biya Yuro 10, na buga lissafi da Naira har gabana ya faɗi, sannan na bi matakala na sauka. Ashe wani cocin ne kwance a ƙasa, na ƙarni na 4, da ginshiƙansa da zanen bango da ya koɗe. Sai a 1857 wani fada ɗan Ayalan, Mullooly, ya fara tono shi. Na sake sauka. Can ƙasa ɗakuna ne na ƙarni na 1, ga duhu ga danshi, lungun ma sai ka karkace kafaɗa. Har da ɗakin bautar gunkin Mitra.

Nan na daɗe a tsaye. Kiristocin farko a gidajen mutane suke taruwa. Sai da Sarki Kwanstantin ya sakar musu mara a 313 suka samu sararin gini, suka ari fasalin basilika, zauren da Romawa ke shari'a da ciniki: dogon fili, ginshiƙai dama da hagu, ƙarshen zauren kuma a lanƙwashe. Hakan ya tuna mini cocinmu na Wusasa, wanda aka gina da laka da bakan gizo irin na magina Hausawa. Su ma da abin da suka tarar a garinsu suka fara.

Na ɗaga waya zan ɗauki hoto, mai gadi ya daka mini tsawa kamar ya kama ɓarawo. Doka ce, na yarda, amma a Zariya ko yaro za ka hana abu sai ka gaishe shi. Wata tsohuwa ce ta sanyaya mini rai, ta nuna mini famfon titi da ake sha kyauta, alhali na yini ina sayen ruwan gora da tsada.

Washegari na je cocin Santa Bitrus a Batikan, wanda aka fara a 1506 aka keɓe a 1626. Ƙubbar cocin, wadda mai zane Mikelanjelo ya tsara, ta yi girma har wuyana ya ƙage. Na haura matakala 551, na leƙa birnin, na sauko ƙafafuna na rawa. Cunkoso bai bar ni na yi addu'a ba, sai da yamma na koma San Kilemente.