Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a kan jinyar ƙanena

Assalamu alaikum warahmatullah. A madadin Hajiyarmu da dukkan iyalanmu na Jidda da Makka, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa an sallamo ƙanena daga asibiti. Yana gida, yana takawa da ƙafafunsa, alhamdulillahi. Labarin ya bazu iri-iri, har da masu cewa kifi ne ya cije shi, shi ya sa zan faɗi yadda abin ya faru tare da godiyar.

Sana'arsa ɗaukar hoto ce a ƙarƙashin ruwa. Sun tashi ne daga Lith, kudu da Jidda, tare da masu haɗa fim a kan kogwannin da ke jikin duwatsun murjani na Bahar Maliya. Bakin kogon da suka shiga yana wajen mita 40, wato iyakar da ake barin mai nutson shaƙatawa ya kai. A nan matsin da ke kan mutum ya ninka na doron ƙasa sau biyar, domin kowane mita 10 yana ƙara ninki guda, iskar tukunya ma haka take saurin ƙarewa. Suna cikin ɗauka, kumfar numfashinsu ta riƙa bugun rufin kogon, ƙura ta zubo, ruwan ya dagule har mutum ba ya ganin tafin hannunsa duk da manyan fitilun kyamara. Ana cikin haka bututun numfashinsa ya ɓalle da zubar da iska.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga abokin nutsonsa ce. Ɗan uwa, ban san da wane baki zan gode maka ba. A cikin wannan duhun ka lalubo hannunsa ka ɗora a kan igiyar da kuka shimfiɗa tun daga bakin kogo, ka cire dogon bututunka ka sa masa a baki, ka sa ya saki kyamarar da ya fi so a kan komai nasa. Sai daga baya na fahimci dokar da kuke bi ta raba iska kashi uku: ɗaya na shiga, ɗaya na fitowa, ɗaya ajiya saboda ɗan uwa. Wannan ajiyar ce ta fito da ku biyu. Iskar ba ta isa ku cika tsayawar da ake yi a hanya kafin a kai sama ba, amma kun fito da rai.

Sai dattijon da ke tuƙa jirgin. Baba, Allah ya saka maka da Aljanna. Yaron nan ya hau jirgi yana cewa lafiyarsa ƙalau, gajiya ce kawai. Da ka ga yana murza kafaɗa, yana cewa ƙafafunsa na yi masa kamar tafiyar tururuwa, ba ka saurari ta bakinsa ba. Ka kwantar da shi, ka sa masa iskar oksijin zalla, ka rubuta lokacin da ya fito da lokacin da ciwon ya soma a bayan wata takarda, ka kira gaɓa ta rediyo, ka juya kan jirgi. Likita da ya karɓi takardar nan ya ce ta sauƙaƙa masa aiki ƙwarai. Ya kuma yi mana bayani cewa a zurfi iskar naitirojin tana narkewa cikin jini da tsoka, in aka tashi ba a tsaya ba sai ta koma kumfa, kamar an girgiza kwalbar lemo an buɗe. Kumfar in ta tsaya a gaɓoɓi ciwo ne, in ta taɓa lakar baya kuwa tana iya shanye ƙafafu.

Likitoci da ma'aikatan ɗakin matsin iska, mun gode. Wata babbar tankar ƙarfe ce mai ƙaramar taga zagayayya, ba a shiga da waya ko ashana saboda gudun gobara. Aka rufe shi ciki, aka ɗaga matsin ya kai na zurfin mita 18, zaman farko ya kusa awa biyar. Wani ma'aikacin jinya ya shiga aka kulle tare da shi, shi ma yana shan matsin. Ta wannan tagar na ga ya goga masa wani abu a tafin ƙafa, babban yatsan ya motsa, ya ɗago ya yi mini alama da kai. Bawan Allah, ko sunanka ban sani ba, amma Hajiya ba ta idar da salla ba ta sa ka a addu'a ba.

'Yan uwanmu na Shara Mansur da suka taso daga Makka cikin dare, iyayenmu mata da suka yi ta aiko kunu da fura asibiti, maƙwabcin da ya ba ni makullin motarsa bai tambaye ni yaushe zan dawo da ita ba, duk mun gani. Danginmu na Bur Sudan kuwa sun sa ni hawaye. Tun Afrilun 2023 suke cikin halin yaƙi, gidajensu cike da waɗanda suka gudo, amma kullum sai sun nemi hanyar kira sun tambayi jikinsa.

Akwai waɗanda suka ce me ya kai shi. Na san ƙauna ce ta sa. Sai dai aikin nan ba ganganci ba ne, yana da horo da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ce Allah ya sa ta zama sanadin tsirarsa. Tun 1963 Jacques Cousteau, wani Bafaranshe mai binciken teku, ya kafa gida a ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi ta gefen Sudan, mutanensa suka zauna ciki wata guda suna ɗaukar hoto. A 2023 hukumar kula da namun daji ta Saudiyya ta sanar da gano manyan ramukan ruwa fiye da 20 a kudancin gaɓar Bahar Maliya ta gefen Saudiyya. Dole wani ya sauka ya ɗauko wa mutane abin da ke ciki, kuma ina alfahari ɗan gidanmu yana cikin masu yi.

Abokan aikinsa sun koma sun ɗauko kyamarar, hotunan ba su lalace ba, su ma mun gode. Likita ya hana shi nutso da hawa jirgin sama har sai an sake duba shi, za a kuma yi masa gwajin zuciya. Masu son zuwa dubiya, a zo bayan la'asar, kuma a yi haƙuri kada a daɗe, har yanzu yana saurin gajiya. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da Sudan lafiya. Amin.