Kwana huɗu a Busua, teku a bakin ƙofata

Tun dawowata daga Ghana nake son rubuta wannan amma shago bai barni ba, yau da kasuwa tayi sanyi nace bari dai in zauna. Kaya ne suka kaini Accra, na sauka gurin ɗan kawuna a Nima kamar kullum, sai aka ce kayan ba zasu fito ba sai bayan sati ɗaya, ni kuma lokacin na kai wata biyu bana samun barcin kirki, in na kwanta lissafi kawai ke yawo a kaina har a kira assalatu. Shine yace min, "Yaya, zaman Accra ba aiki cin kuɗi ne kawai, ka tafi Busua kayi kwana uku ko huɗu, in baka yi barci ba ni zan biya kuɗin motar." Ni ko sunan garin ban taɓa ji ba.

Ranar Litinin da sassafe na hau bas a Kaneshie zuwa Takoradi, tafiyar sama da kilomita 200 ce ta Cape Coast, mun ci kusan awa biyar saboda cunkoson Kasoa. Daga Takoradi na shiga turoturo, wato ƙaramar bas ɗin haya, zuwa Agona Nkwanta, nan ce hedkwatar gundumar Ahanta ta Yamma, daga nan kuma tasi ta haɗaka wadda sai ta cika take tashi. A tashar Agona naji Hausa tsaf daga bakin wani mai tsire, su can chichinga suke ce masa, yana ganin hulata yace "Alhaji sannu da zuwa, daga Najeriya ko?" ya ƙara min yanka biyu gyara. Hanyar gonakin roba ne da na kwakwar manja hagu da dama, kana cikin kore sai kawai hanya ta gangara ka ji iska ta canza wari. Gaba ɗaya daga Takoradi abun wajen kilomita 30 ne.

Otal ɗin da na sauka, in ka ganshi a Kano zaka ce gidan haya ne na ɗaki ɗaki. Bulo ne da rufin kwano, ɗakuna basu fi takwas ba a jere duk suna kallon ruwa, fentin bango ya ɓaɓɓare, ƙarfen taga yayi tsatsa, kwaɗon ƙofa sai ka girgiza shi yake buɗewa, matar dake kula da gurin, Anti muke ce mata, tace min gishirin iska ne, duk abinda aka saka na ƙarfe shekara biyu ya gama. A ciki gado ne da gidan sauro, fanka a sama, kujerar katako ɗaya, bokiti da moɗa a bayi, sai igiyar shanya a baranda. Ba talabijin ba firji ba na'urar sanyaya ɗaki. A bakin kowace ƙofa an ajiye roba da ruwa, da farko na zata na alwala ne, ashe na wanke yashin ƙafa ne kafin ka shiga. In ruwa ya cika, daga matakalar barandata zuwa inda kumfa ke tsayawa na ƙirga taku ashirin da biyu, in ya janye kuma sai ya bar fili shimfiɗe da ya ishi yara buga ƙwallo, kuma suna bugawa kullum da yamma. Can gaba cikin ruwa akwai ɗan tsibiri mai duwatsu da 'yan bishiyoyin kwakwa, Abokwa sunansa.

Daren farko ƙarar ta bani tsoro gaskiya. Wanda ya tashi a Kano ruwan da ya sani shine kududdufi da Tiga da Challawa, duk ruwa ne mai shiru, wannan kuwa kamar tirela ce ta taho da gudu ta kusa isowa sai ta fasa, wata ta sake tahowa, haka har gari ya waye. Wajen sha ɗaya aka ɗauke wuta, dumso suke cewa, fanka ta tsaya, na tashi cikin zufa na buɗe tagogin luba duka biyu, sai wata iska mai laima ta shigo tana kaɗa gidan sauron a hankali, na kwanta ina sauraren ruwan ina cewa yanzu zan tashi in duba waya, wallahi ban san sanda barci ya ɗaukeni ba sai carar zakara. Rabona da irin wannan barcin tun kafin in buɗe shago na biyu. Na fito nayi alwala da ruwan bokiti, na duba alƙibla a waya ta nuna gabas ta ɗan karkata arewa, wato teku na hannun damana, na shimfiɗa dadduma a baranda nayi sallah, ina sujada ina jin ƙasa na ɗan amsawa in igiyar ruwa ta faɗi.

Talata na tashi ina jiran ganin masunta sai naga kwale-kwale duk a kan yashi ba wanda ya shiga ruwa. Anti tace ranar Talata ba'a kamun kifi a teku, haka al'adar take a yawancin gaɓar Ghana, ranar hutun ruwa ce. Na zauna gurin wasu dattawa dake ɗinkin taru a inuwar kwakwa, ɗaya ya maƙale bakin tarun da babban yatsan ƙafarsa ya miƙar dashi, hannunsa na saƙa da wata 'yar allurar roba ko kallon abun baya yi, yana hira yana ƙulli. Shi ya nuna min cewa gindin kowane kwale-kwale ice ɗaya ne aka fafe, wawa ake ce wa bishiyar, daga dazukan cikin ƙasa ake kawo ta, sannan a ɗora katako a gefe a yi fenti a rubuta aya ko karin magana a jiki. Kukansu biyu ne, man injin da suke kira firimis baya samuwa kan lokaci, sannan manyan jiragen kamun kifi sun kwashe ƙananan kifin da ada suke cika kwale-kwale dashi. Laraba na gani da idona, aka ja taru daga bakin gaɓa, mutum kusan talatin a igiya biyu suna waƙa suna ja da baya, nima na kama igiyar har tafin hannuna ya ɗaye, sama da awa ɗaya ana ja, da ya fito rabin abinda ke ciki ledar fiya wata ce da robobi. Matan da suka zo da manyan kwanonin silba suka tsaya shiru suna kallo. Abun ya tsaya min a rai har yau.

Toh sai maganar safin, wato hawa igiyar ruwa a kan allo, wanda shine ya fito da sunan Busua. Ni a tunanina wasan turawa ne, masu kuɗin da basu da abun yi. Turawan akwai su kam, amma waɗanda suka fi iyawa nesa ba kusa ba yaran garin ne, 'ya'yan masuntan nan, harda 'yan mata. Ƙarfe shida na safe zaka gansu sun fito da alluna a ka, su durƙusa su goga wani kaki a saman allon don kar ƙafa ta zame, su ɗaura igiyar allon a idon sawu, su kwanta a kai suna tuƙi da hannu har bayan inda ruwa ke karyewa, sai su zauna suna jira kamar masu jiran mota, can sai kaga ɗaya ya juya ya tuƙa sau uku huɗu ya miƙe tsaye cak, yana yanka gefen igiyar tana naɗewa a bayansa. Bakwai da rabi sun fito sun watsa ruwa sun saka yunifom sun tafi makaranta. Wani saurayi mai koyarwa a shagon hayar alluna kusa da otal ɗinmu yace min nazo a daidai, watan Janairu igiya ƙarama ce ta masu koyo, manyan sai damina, kuma iskar dake busowa daga tudu da safe ita ke gyara fuskar igiya ta tsaya sumul. Nace wace iska, yace hamatan. Ashe hunturunmu ne da yake fasa mana leɓe da dunduniya, shine ya gangaro har nan yake musu gyaran ruwa.

Nace masa ban iya iyo ba. Yace "Alhaji ba damuwa, yau ba zamu wuce ƙugu ba." Kafin ya bari in taɓa allo sai da ya tsayar dani a gaɓa kusan minti ashirin yana nuna min ruwa, yace kalli can inda igiya bata karyewa, ruwan yayi duhu ya kwanta kamar ba komai, nan ne mafi haɗari, hanyar da ruwan da ya zubo gaɓa yake bi ya koma ciki ce, in ta ɗauke ka kar kayi kokawa da ita kana neman gaɓa kai tsaye, zaka gaji ka nutse, ka bi gefe har ka fita daga cikinta, in ka kasa ka kwanta rigingine ka ɗaga hannu ɗaya za'a zo. Sannan ya koya min kwanciya a kan ruwa, ya tallafi ƙeyata da tafin hannu yana cewa saki jikinka, cika ƙirji da iska, kalli sama, sai naji kunnuwana sun nutse duk ƙarar duniya ta ɗauke, can na lura ashe ya daɗe da janye hannun. Ina da shekara arba'in da ɗaya ranar na fara sanin cewa ruwa yana iya ɗaukar mutum. Allon kuma na hau a kwance kumfa ta turo ni har yashi, sau biyu na kai gwiwa, tsayuwa dai ban samu ba.

Da daddare a baranda abinda ya dawo min shine Bagwai, jirgin da ya kife a dam ɗin Watari ƙarshen Nuwamba 2021, yawancin waɗanda suka rasu yara ne 'yan Islamiyya. Mu abinda muka iya shine kar ka je bakin ruwa, haka mahaifiyata ta raine mu kuma nima haka nake gaya wa nawa, amma yaran da dole sai sun tsallaka ruwa zasu je makaranta ko kasuwa fa, hani baya musu komai. Saurayin nan yace min ko a nan iyaye da yawa da farko basa yarda, musamman ga 'ya mace, suna tsoron teku duk da a bakinsa aka haife su, sai da suka ga yaran da aka koya wa sune suke ciro baƙi in ruwa ya ja su. Minti ashirin ɗin da yayi dani a tsaye a gaɓa, da za'a samu mai yi wa yaran Bagwai da Yawuri da Wara irinsa, da rigar ruwa a kowane jirgi, ni dai na tabbata da wasu gidajen basu yi zaman makoki ba.

Alhamis na taka zuwa Dixcove, yamma da Busua, ka haura ɗan tudu cikin ciyayi kamar minti ashirin da biyar, Anti ta haɗani da ƙaninta tace kar in bi hanyar ni kaɗai da waya a hannu. A can akwai ganuwar Fort Metal Cross a saman dutse, fara tas tana kallon mashigin da kwale-kwale suka cika, turawan Ingila suka gina ta a ƙarshen ƙarni na 17, ta koma hannun 'yan Holan a 1868 sannan ta dawo gurin Ingila a 1872, kuma an tsare bayi a cikinta. Na leƙa ɗakin da ake kulle su na fito da sauri. A hanyar dawowa yaron yake bani labarin cewa Busua ɗin nan da nake gani ƙauye, nan ce fadar sarkin Ahanta, kuma sarkinsu Badu Bonsu na biyu 'yan Holan sun kashe shi a 1838 suka yanke kansa suka tafi dashi, ya zauna cikin kwalba a birnin Leiden na ƙasar Holan sai 2009 aka dawo dashi Ghana, shekara 171. Yana faɗa ne kamar kakansa aka yi wa jiya.

Abinci ban sha wahala ba. Da safe koko da ƙosai a bakin titi, sunan ma Hausa koko suke ce masa, da rana wace wato shinkafa da wakensu da shito, baƙin yajinsu, da dare kifin da na zaɓa da hannuna a gasa min da banku, tuwonsu mai tsami, ko aceke na rogo. Nama ne kawai na bari sai gurin mai tsiren Agona. Abinda bai min daɗi ba kuwa zan faɗa don wanda zai je da iyali ya sani, akwai mashaya a jere a gaɓar, shigar wasu baƙin sai kawar da kai, daren Alhamis an saki kiɗa a maƙwabta har wajen ɗaya, ruwan famfon otal ɗin ma rana ɗaya ya ɗauke sai da aka ɗebo mana a jarka. In zaka je ka nemi ɗakin ƙarshen gaɓa nesa da tsakiyar gari, ka je tsakiyar sati, ka riƙe tsabar sidi, kuɗin Ghana, a hannu don ba kowa ke karɓar kati ba duk da MoMo, wato tura kuɗi ta waya, na aiki.

Juma'a da safe na haɗa jakata don in samu masallaci a Takoradi. Anti ta kawo min shayi da burodi tace "Alhaji sai yaushe?" nace in Allah ya yarda hutun ƙarshen shekara, da yarana uku da mahaifiyarsu, ta riƙe mana ɗakuna biyu na ƙarshe. Na biya shagon alluna na tambayi saurayin ko yana koya wa 'yar shekara bakwai, yace ƙanwarsa da shida ta fara, gata can ma, ya nuna min wata 'yar mitsitsiya cikin jar riga a bayan igiya tana zaune kan allo tana jira. Mai tasi yana ta hon a bakin titi, na tsaya sai da naga ta miƙe tukuna na ɗauki jaka.