Talata, ranar da Goggo ta buɗe firizar kek

Da daɗin rai na tashi yau. Auta ta tafi tahfiz ba tare da rigimar takalmi ba, Babansu ya fita da sassafe don ya riga cunkoson titin Madina na nan Jidda, ni kuma na zauna da shayina da littafin odar kek ina jin komai ya hau layi. Kun san yadda wannan lokacin yake. Alhazai sun watse, makarantu suna hutu, kowa ya tuna yana da 'yar da zai aurar. Tun 2013 da aka mayar da hutun mako Juma'a da Asabar a Saudiyya, daren Alhamis ya zama na kowa, duk amaryar da ta kira ni shi take so.

Wajen ƙarfe goma sai ga Goggo da Yaya. Jirgin ƙasa suka biyo daga Makka, direba ya ɗauko su a tashar Sulaimaniyya, za su shiga Balad, tsohon garin Jidda mai kasuwanni, sayen turaren wuta da sauran tarkacen amarya. Goggo ta zo min da fura mai kyau, irin ta Shara Mansur a Makka da take sani ina so. Na yi murna ƙwarai, na rungume ta, muka yi ta barkwanci a kan ƙafarta da ta ce ta daina ciwo tun da aka sa ranar jikarta.

Ina kicin ina haɗa gahawa ta tashi za ta ajiye furar da kanta. Maimakon babbar firiza mai naman layya, ƙaramar ta buɗe, wadda ba a sa komai a ciki sai kek.

Na ji shiru ya yi yawa, na leƙo. Tana riƙe da fallen hawa na sama na kek ɗin bikin, a naɗe, tana karanta rubutun da na yi a jiki. Sunan amarya, nau'in kek, da kwanan watan da na gasa shi.

"Ke 'yar nan, wannan na bikinmu ne?"

Na ce eh Goggo, shi ne.

"Tun wancan makon na sama?"

Na ce eh.

Ta mayar da shi a hankali, ta rufe, ta goge hannunta da gefen mayafi. "Ashe kwantai za a yanka a gaban surukai."

Yaya ta ce haba Goggo, ta yi 'yar dariya don ta kashe maganar. Ni ban iya dariya ba. Wallahi sai da na ji zafi ya taso min har kunne. Kek ɗin nan ban karɓi ko riyal ɗaya a kansa ba, gudummawata ce, kuma bota mai tsada na sa, ga ƙwai, ga za'afaran, ga ruwan wardin Ɗa'if, duk da yadda kaya suka hau tun da haraji ya koma kashi 15 a 2020. Amma ba kuɗin ne ya taɓa ni ba. Goggo ce ta fara sa min muciya a hannu, a wurinta na koyi cewa ba a ba baƙo abin da kai ba za ka ci ba.

Na zaunar da ita na ce Goggo ki saurare ni. A bikin Yaya, alkaki da nakiyar gara, ranar biki kuka yi su? Ai ina ƙarama amma ina tune da ɗakin da kuka kulle makonni kafin a kai amarya. Ta ce, "Nakiya don ajiya aka yi ta. Wannan kuwa ƙwai ne da madara." Kuma gaskiyarta ce a nan, ban musa ba. Ƙwai ne da madara, shi ya sa ba a kan tebur na bar shi ba.

Na yi mata bayani iya yadda zan iya, ga shi kuma ina maimaitawa don raina bai gama faɗa ba. Kek mai hawa uku mai cin mutum ɗari da wani abu ba ya gasuwa rana ɗaya a furun ɗin gida, wato oben. Kowane hawa falle-falle ake gasa shi, a wuta digiri 170 na Celsius, manyan suna kai awa guda ko fiye, kuma furun ɗina babban kwano ɗaya yake ɗauka. In na ce sai ana gobe biki zan fara, to da ɗuminsa zan shafa masa kirim, kirim ya narke, hawa ya zame. In kuma na gasa da kwana uku na jera a firij, nan ne ma yake tsufa. Sanyin firij shi ya fi saurin ƙanƙame garin da ke cikin kek da burodi, ya yi gautsi, ya bushe a baki. Firiza a 18 ƙasa da sifili tsayar da wannan take yi. Kek mai bota yana iya wata biyu zuwa uku a ciki lafiya, ni kuwa ban taɓa kai shi ko kusa da haka ba.

Kuma ba jefawa kawai ake yi ba. Sai ya huce sarai, don in da sauran tururi aka naɗe, ƙanƙara za ta kwanta a jikinsa ya jiƙe. Leda mai manne ninki biyu, sannan foyil, kowane falle shi kaɗai, a shimfiɗe, kada a ɗora masa komai sai ya daskare. Firizarsa daban saboda bota tana kwasar wari. In ya kwana kusa da kifi ko daddawa, baƙi za su ji a bakinsu. In za a fitar, firij zai kwana cikin naɗinsa, don raɓar ta kwanta a kan leda. Wanda ya san laimar Jidda a wannan watan ya san abin da nake nufi, kana fitowa daga mota gilashin idonka ya yi hazo. Saboda ita ne ba na daskarar da kek da aka riga aka lulluɓe da fondan, wato kwaɓaɓɓen sukarin ado, gumi zai yi, launi ya zubo. Kirim mai madara, kastad da 'ya'yan itace su ma ba sa shiga, sai ranar. Abin da ya narke kuma ba ya komawa.

Har na gaya mata cewa da sauran sanyinsa ya fi daɗin yanka a daidaita, ba ya ɓarɓashi, kuma ranar Alhamis da za mu ɗauke shi kilomita saba'in da wani abu zuwa Makka, inda zafi ke wuce 40 ita kuwa bota tun wajen 32 take fara sakin jiki, sanyin da ya shiga cikinsa sosai ne zai kai shi a tsaye.

Tana ta kallona tana jan carbi. Ban san ko rabin maganar ta shiga ba.

Kullum ina zuba ragowar ƙullin a ƙananan kofuna in daskarar tare, don ɗanɗano. Na fitar da ɗaya kafin su tafi kasuwa. Da suka dawo bayan la'asar ya saki, na ɗiga masa ruwan sukari mai wardi kamar yadda zan yi wa babban, na kai mata da gahawa. Ta cinye tas, har ta dangwali ɓarɓashin da yatsa. Ta ce, "Hel ɗin ya ji," wato kadamon ɗin da na sa. Na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan an wuce wurin.

Sai a bakin ƙofa, tana gyara abaya, ta kamo hannuna ta rage murya. "Allah ya yi miki albarka, ya yi daɗi. Amma ki rufa mana asiri, kada dangin ango su ji daga ƙanƙara ya fito."

Wannan ce ta tsaya min. Kwantai ɗin na iya haɗiyewa, faɗan uwa ne. Amma rufin asiri? Asirin me? Duk wadda ta ba ni oda, tun ranar farko nake gaya mata yaushe zan gasa, yaushe zan fitar, yaushe zan yi ado. Wadda ba ta so ta nemi wata, ba a yi faɗa ba. Kwanan watan da Goggo ta karanta da hannuna na rubuta shi, da manyan baƙi, don ba na ɓoye shi ga kowa. Yanzu an ce in tsaya a zauren biki, in wata daga dangin ango ta ce yaushe kika yi wannan aikin, in kawar da kai ko in ce jiya. Ba zan iya cewa jiya ba.

Na kuma fahimce ta, shi ya sa abin ya fi ciwo. Shekarunta nawa a Makka tana kare mutuncin gidan nan, tana tsoron a ce 'yan Afirka sun yi abu rabi da rabi. Jikarta ta fari ce. Tsoron bakin mutane ne ya yi magana, na san ba raini ba ne. Amma sanin bai sa na ji sauƙi ba.

Babansu ya ce in share, wa zai tambaya ana tsakiyar zaffa, wato shigowar amarya zaure, da ƙarfe ɗayan dare. Ai mata suna tambaya. Shi bai taɓa shiga ɓangarenmu ba.

Tuwon dare bai shiga ba. Auta ta haddace sabuwar sura, ta karanta min sau biyu, Allah ya sa albarka.

Bayan isha na mayar da fallayen duka firij, gobe in Allah ya kai mu cikawa da shafin farko. Sannan na tura wa uwar amarya saƙo, na gaya mata yadda muka yi da Goggo, na ce ni dai ba zan ɗauko zancen ba, amma in aka tambaye ni gaskiya zan faɗa, ta san da haka tun yanzu. Ta buɗe, ba ta amsa ba tukuna. Har yanzu kuma ban samu motar da na yarda da na'urar sanyinta ba, wadda take da haɗin kujerun baya da za su kwanta. In akwai wadda ta san direba mai zuwa Makka ranar Alhamis bayan magariba, wanda ba ya taka birki da ƙarfi, ta yi min magana kafin azahar ɗin gobe.