Kawu Joe a Hancin Jirgin Yaƙi

Ba jiragen yaƙi ne suka kai ni Lincoln ba. Ɗan ƙanwata ne ke karatu a can, uwarsa kuwa da ta ji zan shiga Ingila sai ta haɗo ni da ƙunshin yaji da kuka, ta ce amana ce, hannu da hannu. Na hau jirgin ƙasa a tashar King's Cross, wajen awa biyu muna keta gonaki a shimfiɗe, babu tudu babu kwari. Ashe wannan shimfiɗar ce ta sa a Yaƙin Duniya na Biyu aka cika yankin, wato Lincolnshire, da filayen tashin jiragen bama-bamai, ga shi kuma yana fuskantar Jamus ta gabas.

Washegari yaron ya ce, "Kawu, kai da ba ka gajiya da tarihi, zo in kai ka wani wuri." Ya aro motar abokinsa muka nufi ƙauyen East Kirkby, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, ga iska mai ratsa ƙashi.

Wurin tsohon sansanin mayaƙan sama ne. Wasu manoma biyu 'yan'uwan juna, Fred da Harold Panton, suka mai da shi gidan tarihi don tunawa da yayansu Christopher, wanda ya mutu a harin da aka kai birnin Nuremberg na Jamus a watan Maris na 1944. A cikin rumfar akwai jirgi ƙirar Lancaster, baƙi ƙirin ta ƙasa, injinansa huɗu. Na tsaya gindinsa na ɗaga kai. Dab da tagar direba an zana wata mace sanye da kayan ninƙaya tana zaune a kan bam, an rubuta Just Jane. Daga wani zanen barkwanci na jaridar Daily Mirror aka ɗauko ta. Ni dai na saci kallo na kau da kai, yaron yana ta danne dariya. Shi wannan jirgin ma bai taɓa ganin yaƙin ba, a 1945 aka ƙera shi ana dab da gamawa.

Abin bai zame mini baƙo ba. Duk wanda ya taɓa bin bayan tirela a hanyar Kano zuwa Zariya ya san direba ba ya barin motarsa haka nan: zaki, dawisu, "Allah Ya kiyaye". Mutum in ya ɗora ransa a kan ƙarfe sai ya raɗa masa suna. Su kuwa samarin da ke tashi da waɗannan jiragen, yawancinsu 'yan shekara ashirin da 'yan kai, suna da dalili fiye da na kowa, don mutum 55,573 ne suka mutu a rundunar jiragen bama-baman Birtaniya. Kowane hari aka dawo lafiya sai a ƙara zana ɗan ƙaramin bam a jikin jirgin, kamar mai lissafin bashi a bango.

Muna shan shayi wani dattijo cikin masu aikin sa kai ya zauna kusa da mu. Da ya ga ina rubuce-rubuce sai ya buɗe wani tsohon littafi ya turo mini. Hoton wani Lancaster ne, amma a hancinsa ba mace ba ce. Namiji ne mai kaurin gashin baki. Stalin! An sa wa jirgin suna Uncle Joe, wato Kawu Joe, laƙabin da Turawan Ingila da Amurkawa suka yi wa shugaban Tarayyar Sobiyat a lokacin. Jirgin na runduna ta 463 ne, ta 'yan Ostareliya, a sansanin Waddington kusa da Lincoln, ya kuma kai hari fiye da ɗari. Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, ga takwaranka."

Na daɗe ina kallon hoton. A watan Agusta na 1939 Stalin ɗin nan ya ƙulla yarjejeniya da Hitler, suka raba Poland tsakaninsu, ya kuma auka wa Finland, mutanen Ingila suna ta tsine masa. Sai ga ranar 22 ga Yuni 1941 Jamus ta juya kan Rasha. Firaministan Birtaniya Churchill, wanda ya shafe shekaru yana gaba da kwaminisanci, ya gaya wa sakatarensa cewa ko wutar Jahannama Hitler ya mamaye, zai samo 'yar kalma mai daɗi ya faɗa a kan Iblis a majalisa. Daga nan iska ta sauya: ma'aikatan masana'antu suna rubuta gaisuwa ga Rashawa da alli a jikin tankokin da za a tura musu, matar Churchill tana tara musu gudummawa, Sarki George na Shida ya aika da takobin girmamawa ga mutanen Stalingrad.

A ganina son da matuƙan nan suka yi wa Kawu Joe ba na ƙarya ba ne, amma ba akida ce ta kawo shi ba. Lissafi ne. Mafi yawan sojojin Jamus a gabas suke fafatawa, Sobiyat ta rasa rayuka kusan miliyan 27. Stalin kuma kullum gorinsa ɗaya: yaushe za ku buɗe fagen daga ta yamma? Da Churchill ya je Mosko a Agustan 1942 ba shi da sojan ƙasa da zai yi alkawari, sai ya yi alkawarin ruwan bama-bamai a kan biranen Jamus. Samarin Lincolnshire su ne cikon wannan alkawarin.

Dattijon ya ce wasunsu ma har Rasha sun je. A Satumban 1944 jiragen runduna ta 9 da ta 617 suka tashi zuwa Yagodnik, wani tsibiri kusa da Arkhangelsk a arewacin Rasha, don daga can su kai wa jirgin ruwan yaƙin Jamus mai suna Tirpitz hari a Norway. Hazo ya ruɗe su, wasu suka sauka a fadama da jeji. Rashawa sun karɓe su da kiɗa da barasa da wasan ƙwallo, sai dai masaukin da aka ba su kuɗin cizo ya hana su runtsawa. Jirage shida suka bari a can sun lalace. Rashawan suka gyara biyu, suka zana musu jan tauraro.

Da yamma muka biyo ta Waddington, muka tsaya a bakin titi inda masu kallon jirage ke taruwa bayan shinge da kyamarori. Daga nan Kawu Joe ya riƙa tashi. A watan Maris na 1946, ba a cika shekara da cin Jamus ba, Churchill ya tsaya a garin Fulton na Amurka yana cewa labulen ƙarfe ya raba Turai biyu. Bayan shekara goma sha ɗaya jiragen Vulcan suka fara aiki a wannan filin, aikinsu ɗaukar makaman nukiliya, kuma Tarayyar Sobiyat aka tanadar wa su. Yanzu jiragen leƙen asiri ne ke zaune a wurin. Ɗaya ya wuce ta gabanmu a hankali, fari ta sama, toka-toka ta ƙasa. Na zura ido ga hancinsa, dogo ne baƙi, ban hango zanen kowa ba.

"Kawu, mu tafi," in ji yaron, "magariba ta kusa, kuma mai motar ya kira sau biyu."