Takarda ta fito, amma wayar ce ke hana ni barci

Yau wata biyu ke nan da na aje aiki, kuma wallahi har yanzu in waya ta yi ƙara da lambar da ban sani ba sai gabana ya faɗi. Shekara huɗu na yi ina riƙe da magaza a wani kamfanin kayan gini nan Yamai, siminti da rodi da fenti duk ni ke ƙirga su, ba a taɓa cewa buhu guda ya ɓata a hannuna ba. Amma rabuwar da munka yi da patron ba ta yi kyau ba.

Albashin wata uku anka riƙe muna, kullum gobe, kullum kuɗi ba su shigo ba, ga mai gidan haya a Talladje ya fara aiko yaro. Abin da ya ƙarasa ni kuwa ranar da na je CNSS, hukumar da ke riƙe da kuɗin fansho da na iyalin ma'aikata, neman takardun kuɗin iyali bayan haihuwar ɗiyata, anka duba anka ce ba a zuba mani komi ba tun bara, alhali kowane wata ana cirewa a albashina. Daga can ban ko biya gida ba, na wuce biro na faɗa ma patron magana gaban ma'aikata da masu sayen kaya, murya sama, na aje makullai bisa tebur na fita. Wa'adin wata guda da ke cikin kwantiragina ban cika shi ba. Haƙƙina na nema kuma ba na nadamar nemansa, amma ɗaga muryar nan gaban mutane tana damuna, don mutumin ya haife ni a shekaru.

Da farko ya ce ba zai ba ni takardar shaidar aiki ba. Sai da na kai maganar wajen sufeton aiki, shi ne ya fahimtar da ni cewa dokar aiki ta 2012 ta tilasta ma mai kamfani ya ba da ita ko da faɗa anka rabu, kuma abin da ake rubutawa ciki kawai ranar shiga, ranar fita, da irin aikin da mutum ya riƙe. Ba shi da ikon ya ƙara ko kalma guda ta ɓatanci. Anka kira mu sulhu, ya biya wata biyu, anka cire guda saboda wa'adin da ban cika ba, takarda ta fito da hatimi tsaf.

To amma kowa ya san Yamai. Masu kayan gini daga Katako har Babbar Kasuwa duk sun san juna, suna haɗuwa wajen suna da ɗaurin aure da Juma'a. Ka kai dosiye mai kyau, kana juya baya mutum ya ɗauki waya, Alhaji yaron nan da ya yi aiki wajenka ya yake? In ya ce mai gaskiya ne amma ba ya da kunya, shi ke nan, kuma ba sufeton da zai ji wannan maganar balle ya hana ta. Wuri biyu na kai takardu, na kuma yi rajista a ANPE, hukumar da ke taimaka ma masu neman aiki, wuri ɗaya sun kira ni munka yi hira lafiya lau, daga nan shiru.

Kawuna da ya zo daga Tawa ya zaunar da ni bayan isha'i ya ce, ɗana, ka tashi mu je wajen patron ɗin nan naka ka gaishe shi, ba kuɗin za ka ba haƙuri a kai ba, muryar za ka ba haƙuri. Na ce Kawu, in na je zai ɗauka yunwa ce ta koro ni. Ya ce bari ya ɗauka. Kwana uku ina juya maganar, ƴan fadarmu kuma rabi na cewa kar ka kuskura, rabi na cewa bi ta dattijo.

Ranar Litinin ina da wata hirar a unguwar Plateau. Na yanke in sun tambayi dalilin barina zan faɗa masu yadda anka yi, har da ɗaga muryar, kafin su ji a bakin wani, kuma zan ba su lambar kwantabul ɗinmu da ta ga lissafina shekara huɗu, ta ce a kira ta ko da dare ne. Kawu kuwa ya ce Asabar bayan la'asar zai zo da taksi, na ce mashi to.