Awon jini a kwance da a tsaye: abin da ya nuna mini

Likitan da ke duba ni saboda hawan jini ne ya ce in riƙa auna jinina da bugun zuciyata a gida, a kwance da kuma a tsaye, bayan na kai masa kukan cewa duk lokacin da na miƙe daga gado ko kujera sai jiri ya ɗebe ni, in riƙa gani dishi-dishi, zuciyata kuma ta dinga dukan ƙirjina har ina jin bugunta a maƙogwaro. An yi mini gwajin ECG, wato awon yadda zuciya ke bugawa da na'ura, ba a ga komai ba, awon da ake yi mini a asibiti kuma kullum lafiya lau yake fitowa, sai dai duk a zaune ko a kwance ake yin su, alhali ni a tsaye abin yake samuna.

Yadda ya koya mini ba shi da wuya, amma yana bukatar natsuwa. Nakan kwanta rigingine na minti biyar ba tare da magana ba, in auna, sannan in miƙe in sake aunawa bayan minti ɗaya da kuma bayan minti uku, hannun da aka ɗaura wa na'urar yana jingine daidai da ƙirji. Ya gargaɗe ni da in tsaya dab da gado, wani kuma yana kusa, domin mai irin wannan matsala yana iya suma a tsakiyar awon. Gefen kowace lamba nakan rubuta lokaci, da abin da na ji a jikina, da ko na riga na sha magani.

Da zarar mutum ya miƙe, jinin da ya kai rabin lita zuwa lita ɗaya yakan gangara ƙafafu da ciki, abin da ke komawa zuciya ya ragu. Akwai wasu jijiyoyi a wuya da kuma jikin babbar hanyar jinin da ta fito daga zuciya waɗanda ke gane raguwar nan take, sai su sa hanyoyin jini su matse, zuciya kuma ta ɗan ƙara sauri. Idan wannan gyara ya gaza har lambar sama daga cikin lambobi biyu na awon jini ta faɗi da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti uku da tsayuwa, likitoci na ɗaukarsa faɗuwar jini ta dalilin miƙewa. Idan kuwa jinin bai faɗi ba, amma bugun zuciya ya ƙaru da 30 a minti cikin minti goma na tsayuwa kuma ya ɗore, sai a fara zargin larurar da ake kira POTS, wadda ta fi kama mata matasa.

Nawa na farkon ne. Lambar sama takan sauka fiye da 20, musamman da sassafe, kuma abin yakan tsananta bayan wanka da ruwan zafi ko a ranar da na yi gumi sosai. Bugun da ke tsorata ni ashe ƙoƙari ne zuciyar ke yi ta cike giɓin. Da likitan ya duba takardar, sai ya rage mini maganin sa fitsari da nake sha, ya ce in ƙara shan ruwa. An sha ba ni shawarar in ƙara gishiri, kuma gaskiya ne ana ba wasu masu POTS wannan umarni, amma ga mai hawan jini irina ganganci ne ya bi ta ba tare da izinin likita ba, haka nan dakatar da magani da kansa.

Wata tambaya da ya yi mini ta tsaya mini a rai. Ya ce, "Malam, matashin kai nawa kake sawa kafin ka iya barci?" Dalilinsa shi ne, wanda numfashinsa ke sarƙewa idan ya kwanta shimfiɗe, har sai ya tashi zaune ya samu sauƙi, ga kuma kumburin ƙafa, yana iya kasancewa zuciyarsa ce ta fara gazawa, ruwa na taruwa a huhu. Ciwon ƙirji mai suka da ke ƙaruwa a kwance, ya lafa idan an zauna an sunkuya gaba, yakan nuna kumburin tantanin da ya lulluɓe zuciya. Jin bugu da ƙarfi idan an kwanta ta hagu kuwa sau da yawa ba komai ba ne, zuciyar ce ta matso kusa da bangon ƙirji.

Yanzu kafin in sauka daga gado nakan zauna a bakinsa in motsa ƙafafuna, idan kuma tsayuwa ta yi tsawo sai in harɗe ƙafa in ɗaure tsokar cinya, jirin ya wuce. Amma likitan ya ja mini kunne cewa ranar da na suma, ko jirin ya zo tare da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, kada in tsaya awo, a wuce da ni asibiti kai tsaye.